Amsoshin Tambayoyinku: In dasa kajiji a kusurwar garkata mai laima?

TAMBAYA

Ni manomin rani ne a Matankari, ina da garka a cikin fadama wadda na gada wajen mahaifina. Ina noma albasa, kabeji, salati da ɗan tumatir. Akwai wata kusurwa ta gefen kudu da ta faɗa kwari. Ruwan damina yakan kwanta a wurin har bayan kaka, da rani kuma rarar ruwan injin ban-ruwa can take gangarawa. Duk abin da na dasa a wurin ruɓewa yake yi. Ƙanena da ke karatu a jami'a ya ce in daina wahalar da kaina, in dasa kajiji in bar wa tsuntsaye da kwaɗi wurin, wai za su taimaka mini da ƙwari. Kawuna kuma ya ce kul, kajiji ɗan'uwan aya-aya ne, in na kuskura na shigo da shi zai cinye garkar, ya tara mini sauro da macizai. Maganar wa zan ɗauka?

Daga wani mai garka, Matankari, jihar Dosso

AMSA

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa garka albarka. Ka dasa kajijin, amma da sharaɗi biyu: ka tabbata kajiji ne ka ɗauko, kuma ka yi masa iyaka tun ranar farko. In ka cika waɗannan, shawarar ƙanenka za ta amfane ka. Maganar kawu kuwa kada ka ɗauke ta da wasa, domin a gona ya samo ta.

Mu fara da abin da yake tsoro. Duk wanda ya taɓa noman albasa a fadama ya san aya-aya, wadda wasu ke kira jiji ko girigiri. Ka nome ta yau, bayan kwana uku ta sake tsirowa kore shar. Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. In ka tona a hankali da hannu inda ƙasa ke da laushi, za ka tarar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu tauri, jere a kan wata siririyar saiwa mai ƙarfi, wannan na riƙe da wancan. Yawancinsu barci suke yi. Da zarar hauya ta tsinke saiwar, kowace ƙwaya sai ta farka ta fitar da nata tsiro, shi ya sa noma sama-sama ke ƙara mata yawa maimakon ya rage ta. Masana ciyayi da suka tattara bayanin miyagun ciyayin duniya a 1977, ita suka sa a gaba, saboda ta addabi manoma a ƙasashe sama da 90. Albasa kuwa ganyenta siriri ne, ba ta yin inuwar da za ta danne ciyawa, saiwarta kuma ba ta nisa, don haka aya-aya ta fi cutar da ita a kan masara ko rogo. Mutumin da ya share shekaru a tsugune cikin fangali yana tsintar wannan ciyawa, in ya ji an ce za a kawo danginta garka, dole ya ce kul.

Kuma gaskiyarsa ne, dangi ne. Ayar da muke ci, da aya-aya, da kajiji, da doguwar ciyawar bakin Tafkin Cadi wadda mutanen Masar na dā suka riƙa yin takarda da ita, duk gida ɗaya suka fito, gidan da masana ke kira Cyperus. Sai dai kama da wane ba wane ba ne, kuma rarrabe su ba ya buƙatar komai sai yatsa biyu. Ka tsinko karan da ke ɗauke da kai, ka murza. Na aya da na aya-aya kusurwa uku gare shi, kana jin gefunan a yatsa. Dukansu suna da ganye a gindi, kuma ba su cika kai ƙugun mutum ba. Kan aya-aya ja ne mai duhu, ƙwayarta da ɗaci. Kan aya ruwan ɗorawa ne, ƙwayarta da zaƙi, kowace ita kaɗai a ƙarshen saiwarta.

Kajijin da nake so ka dasa, wanda masana ke kira Cyperus articulatus, daban yake da su biyun. Karansa zagaye ne sumul kamar ganyen albasa, yana iya kai ƙirjin mutum ko ya wuce, kuma kusan ba shi da ganye sai 'yan kube da suka rungume gindin. In ka ja karan tsakanin yatsu za ka ji gaɓa-gaɓa a cikinsa, in ya bushe ma har ido yana ganinsu. Tsaga shi, za ka ga farin ɓargo mai laushi da 'yan shamaki a gicciye. Saiwarsa mai kauri ce, ja-ja, tana rarrafe kusa da saman ƙasa, in ka karya ka shinshina ƙamshin turaren wutan gida ne zai bugi hancinka. Amma a nan akwai inda ake ruɗewa: ƙwayar aya-aya ita ma tana da nata ɗan ƙamshi, masu sayarwa a kasuwa kuma sukan kira saiwar dangin nan fiye da ɗaya da sunan kajiji. Saboda haka kada ka dogara da hanci kaɗai. Karan shi ne shaida. In zagaye ne mai gaɓa a ciki, ɗauka. In kusurwa uku ne kuma gajere, bar shi inda ka gan shi.

Halinsu ma ba ɗaya ba ne. Aya-aya tana jure fari, tana ɓoye ƙwayoyinta ta jira ruwa, tana bin taki da dashe da bakin hauya ta shiga ko'ina. Kajiji sai ƙafarsa na cikin laima yake jin daɗi. Yakan yi cunkus wuri ɗaya, yana matsawa daga gefe kaɗan-kaɗan, inda ƙasa ta bushe kuma tafiyarsa takan tsaya. Ba zan ɓoye maka ba, garkar da ake ba ruwa kullum ba busasshiya ba ce, don haka in aka sake masa zai bi hanyar ruwa ya leƙa fangali. Amma saiwar da kake gani, mai kauri, wadda shebur ke yankewa, ba ta da wuyar tsarewa. Zan zo kan yadda ake yi.

Yanzu mu dubi kusurwar kanta. Matankari a cikin Dallol Mawri take, kwarin wani tsohon kogi da ya daina gudu tun shekaru dubbai, wanda ya taso daga arewa ya bi ta Dogon Dutsi da ƙasar Tibiri ya gangara har kogin Isa a yankin Gaya. Ruwan bai tafi duka ba, ƙarƙashin rairayi ya koma. Shi ya sa a cikin kwarin ake cim ma ruwa a kusa, alhali a kan tudu sai an haƙa gaba da yawa. Kusurwarka wuri ne da ruwan ƙasa da na sama suka haɗu, iska ba ta isa saiwa, shi ya sa albasa ke ruɓewa. Irin wurin nan kuma da rani yakan fitar da farin gishiri ko kanwa a sama, wanda kayan lambu ba sa so. Ko ka zuba taki buhu nawa, halin wurin ba zai sauya ba, sai dai in za ka ciko shi da ƙasa amalanke bayan amalanke, kuma ruwan da ka kora daga nan zai nemi wani wurin kwanciya, watakila tsakiyar garkar ko ta maƙwabcinka.

A 2004 an sa ɓangaren kudu na wannan kwari, wajen Gaya, cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta amince a kiyaye a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Abin da ya jawo masa wannan daraja shi ne tafkuna da fadamu da abin da ke rayuwa a cikinsu. Mu kuma a nan sama, tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta dage wajen kiran jama'a zuwa noman rani, bakin tafki da gefen fadama sun yi ta komawa garake. Da wannan noma gidaje da yawa suka tsira, har gobe da shi ake cike giɓin damina, ba mai cewa a bari. Amma ciyawar bakin ruwa da aka sassabe ita ce gidan halittu masu yawa, kuma a ganina manomin da ke da kusurwar da ba ta karɓar shuka ya fi kowa damar mayar musu da ɗan abin da aka karɓe, ba tare da ya yi asarar ko fangali ɗaya ba.

Wa zai zo? Na farko mazari. Mutane da yawa ba su san cewa farkon rayuwar mazari a cikin ruwa yake yin sa ba. Uwar takan saka ƙwai a ruwa, ɗan ya ƙyanƙyashe ba fiffike, launin laka, yana laɓe a gindin ciyawa yana cafke duk abin da ya gifta, har da tsutsar sauro. In ya isa, sai ya nemi kara tsayayye da ya fito daga ruwa, ya hau da dare ko da asuba, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya shanya fikafikansa ya tashi. In ka duba karan kajiji da sassafe bayan damina ta zauna, za ka ga ɓawon da ya bari maƙale, fanko, ƙafafun na riƙe da karan. Ruwan da ba shi da ko tsinke a tsaye, ɗan mazari ba ya samun abin hawa. Babban kuma yini yake yana shawagi bisa fangaloli yana kama ƙananan ƙwari masu tashi.

Na biyu kwaɗi. Ƙwansu da talibambam suna buƙatar ruwa marar zurfi da ciyawar ɓuya, manyan kuma suna buƙatar inuwa mai sanyi da za su yini a ciki lokacin zafin Afrilu da Mayu. Da dare sukan fito su bi fangali suna cin gyare, da tsutsar da ke yanke dashe daga gindi, da fara ƙanana, da shinge. Bushiya ma takan samu mafaka a gefen da ya fi bushewa, ita ma ƙwari take ci.

Sai tsuntsaye. Balbela da zalɓe za su sauka neman kwaɗi da fara, shamuwa ma in ta iso da farkon damina. Marai yakan yagi ciyawar bakin ruwa ya yi saƙa. Fakara da zabin daji, inda suka rage, suna tonon ƙwayoyin dangin aya, agwagin ruwa irin su kirinjijiya kuma suna cin irin. Gauraka, wanda yanzu ganinsa ya yi wuya a wurare da yawa da aka saba ganinsa, da irin wannan ciyawa yake gina sheƙarsa a tsakiyar fadama. Ba na ce maka gauraka zai sauka a kusurwa mai taki goma ba, wannan sai babbar fadama. Amma ƙananan baƙi za su zo, waɗanda ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wajenmu, wasunsu nauyinsu bai fi giram 12 ba. Rayuwarsu a ɗaure take da laimar ƙasarmu: a 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga wani irin ƙaramin tsuntsu ya ragu da fiye da rabi a shekara ɗaya, da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi. Malamanmu kuma suna karantar da mu cewa shukar da Musulmi ya yi, tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi.

Sai dai ƙanenka kada ya yi maka alkawarin da ya wuce kima. Kwaɗo da mazari suna rage ƙwari, ba sa ƙarar da su. Tsutsar tumatir ɗin nan da ta yi wa manoman Kano mummunar ɓarna a 2016, a cikin ganye da cikin ɗan tumatir take ɓuya, kwaɗo ba ya kai mata. Ƙananan ƙwarin da ke shiga maƙogwaron ganyen albasa su ma haka. Waɗannan sai dubawa a kai a kai, da tsabtace garka, da sauya shuka, da magani in ta kama. Abin da kusurwar za ta ba ka mataimaka ne masu aiki dare da rana ba lada.

To, sauro fa? A nan ma kawu bai faɗi ƙarya ba, amma ruwan da ke kwance a kusurwarka yau, ba kajiji, ya riga ya zama wurin haihuwar sauro. Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka, irin na sawun shanu da ramin bulo, inda babu mai cin 'ya'yansa. A lokacin zafi, mako ɗaya zuwa kwana 10 sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo. Akwai kuma wani irin da ya fi son ruwa mai daɗewa mai ciyawa, don haka dasa kajiji ba ya kore sauro gaba ɗaya. Dabarar ita ce ta sarrafa ruwan. Da rani, ruwan a hannunka yake: ka bar ƙasar ta kasance jiƙe, amma kada ruwa ya kwanta a sarari fiye da kwana huɗu ko biyar. Kajiji laima yake so, ba dole sai tafki ba. Ka cike 'yan ramuka da sawun dabbobi da ke kewaye. Da damina kuma, lokacin da ruwan ya fi ƙarfinka, gara ya taru wuri ɗaya mai ɗan zurfi inda 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa za su zauna su yi aikinsu, da ya watsu cikin ƙananan kududdufai ashirin. Gidan sauro mai magani kuwa yana nan a matsayinsa, ko da kajiji ko babu.

Maciji yana bin abinci da sanyi, kuma gamsheƙa tana cin kwaɗi. Wannan gaskiya ce da ba a kauce mata. Abin yi shi ne ka bar hanya share fes mai faɗin mita ɗaya kewaye da kajijin, yadda duk abin da ya fito za ka gan shi. Kada ka tara tulin kara ko tsofaffin bulo a kusa. In za ka yi ban-ruwan dare ko na asuba, ka sa takalmin roba mai tsawo ka riƙe fitila, kuma kada kowa ya cusa hannu cikin cunkus bai fara bugawa da sanda ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, a kai shi likita nan take, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau.

Akwai wani haɗari kuma da kawu bai ambata ba, wanda ni ya fi damuna saboda yara: tsargiya. Ƙwan cutar yana fita cikin fitsarin mai ɗauke da ita, in ya shiga ruwa ya ƙyanƙyashe sai ya shige jikin wata 'yar katantanwar ruwa da ke maƙale a ciyawa, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. In babu fitsari a ruwan, zagayen ya yanke. Don haka doka ce: ba mai tsugunawa kusa da kusurwar, yara ba sa wanka ko wasa a ciki, yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuma a kai shi likita, akwai ƙwayar magani mai warkar da ita.

Wata ciyawa kuma da za ta zo ba ka gayyace ta ba ita ce kacala, mai dogon ganye mai faɗi da kai mai ruwan ƙasa. Iska ke kawo irinta, kuma ruwan da ba ya ƙafewa duk shekara shi take nema. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga abin da take iya yi: bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama makwancin jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Ɗan kajijinka bai isa ya ɗauki garken jan-baki ba, su sai dajin ciyawa mai faɗi. Amma kacala, ranar da ka ga tsironta, ranar za ka tumɓuke ta da saiwa. Haka kainuwa, haka baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure da ta addabi kogin Isa, kada ka ɗauko su don ado.

Ga yadda za ka dasa. Busasshen kajijin kasuwa ba abin dogaro ba ne wajen tsiro, ɗanye za ka nema, daga bakin wani tafki ko wajen wanda yake da shi. Ka nemi izinin mai wurin, ka ɗiba kaɗan daga gefe, kada ka ƙwaƙule cunkus ɗin duka. Kafin ka shigo da shi garka, ka wanke saiwar tas a bokiti, can nesa da fangaloli, har sai babu sauran laka. Wannan wankin shi ne rabin aikin, domin a cikin lakar nan ce ƙwayar aya-aya da guntun kacala da katantanwa ke ɓuya su biyo ka gida. Ka rarraba saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da kara biyu ko uku, ka rage tsawon karan, ka binne saiwar zurfin ɗan yatsa, tazarar kamu ɗaya tsakani. In akwai ruwa a wurin, kan karan ya kasance a waje. Lokacin da ya fi dacewa da kusurwa irin taka shi ne da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ke janyewa ƙasa na da taushi, rarar ban-ruwa kuma za ta riƙe shi har damina. Ba ya buƙatar taki, abin da ruwa ke wankowa daga fangaloli ya ishe shi, kuma gara ya sha shi da ya gangara rijiya.

Iyaka kuwa, ka haƙa rami zurfin kamu ɗaya tsakanin kusurwar da fangaloli. In kana da tsohon kwanon rufi, ka kafa shi a tsaye cikin ramin ka mayar da ƙasa, ka bar ɗan bakinsa a waje, ka lanƙwasa kaifin saboda ƙafa. In babu, ka bar ramin a buɗe yadda duk saiwar da ta leƙo za a gan ta. Sau biyu a shekara, farkon rani da farkon damina, ka bi iyakar da shebur ka datse abin da ya ƙetare. Wannan aiki na duba iyaka da tsintar baƙuwar ciyawa, ka roƙi kawu ya riƙa leƙa maka. Idon da ya san aya-aya tun tana ganye biyu ya fi na kowa a gidan, kuma in ya ga ramin da kansa hankalinsa zai fi kwanciya.

Kada ka cike kusurwar duka. Ka bar wani gefe fili, da gangare mai sauƙi, domin tsuntsu ya samu wurin sauka ya sha, kwaɗo ya samu wurin fita. A bakin da ya fi tudu, in ka samu jema ka jera ta. Saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta yawo, tana kuma tare rairayin da ruwa ke kwasowa.

Duk wannan zai tashi a banza in guba na shiga wurin. Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita, saboda haka abin da ya taɓa ruwan ya taɓa cikinsa. Da yawa daga cikinmu, in an gama feshi, a wurin da ruwa ya taru ake wanke famfon feshin a zubar da saura, a jefar da kwalbar a nan. Wanki ɗaya irin wannan ya isa ya kashe talibambam da 'ya'yan mazari na kusurwar baki ɗaya, sauro kuwa shi ne zai fara dawowa, tun kafin masu cinsa su farfaɗo. Ka tuna kuma ruwan dallol kusa yake, abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa bai isa ruwan da ake sha ba. Ka ware wurin wanke famfo a kan tudu, nesa da rijiya da kusurwar. Kada ka yi feshi iska na kaɗawa wajenta. Magungunan da ake sayarwa a ranar kasuwa cikin kwalabe marasa takarda, irin su piya-piya, ka nisanta su da kayan lambu gaba ɗaya. Ƙasashen Sahel suna da kwamiti a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS mai tantance magungunan ƙwari, malaman gona kuma suna da jerin waɗanda aka yarda da su, ka tambaye su. Ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa yana maganin tsutsotsi da dama, amma shi ma a kan shuka ake fesa shi, ba a zuba shi cikin ruwa. Maganin kashe ciyawa kuwa kada ya kusanci wurin ko kaɗan.

Wataƙila wani ya ce maka, tunda dangi ne, me zai hana ka shuka aya ka ci riba? Aya kuɗi ce, gaskiya. Jihar Maradi ta yi suna da ita, har ƙasar Sifen ake kai ta, inda mutanen Balansiya ke yin wani abin sha mai kama da kunun ayarmu. A Amurka ma akwai masu shuka ta musamman don talotalon daji da agwagin ruwa. Amma aya jigawa take so, mai rairayi, ba wurin da ruwa ke kwanciya ba, kuma ƙwayoyin da suka kuɓuce wa mai tono sukan zama ciyawa a shekara mai zuwa. A kusa da albasa ban ba ka shawararta ba.

Kajijin ma ba zai bar ka hannu rabbana ba. In ya shekara ya kafu sosai, kana iya tonon saiwar da rani, ka ɗebi kashi ɗaya cikin uku ka bar saura, badi ka ɗebi wani gefen. A wanke, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana mai zafi tana rage ƙamshin. Matan gida sun san abin da za su yi da shi, masu haɗa turaren wuta da humra kuma saye suke yi. Wannan ciyawa dai ita ce mutanen arewacin Barazil ke nomawa suna sayar wa masu yin turaren kwalba. Karan kuma, in an yanka an shanya, yana ɗaurin kayan lambu, a wasu wurare na Afirka ta Yamma har tabarma ake saƙawa da shi. Sai dai yankan a yi shi rabi-rabi, kada a yi da damina lokacin da tsuntsaye ke kan ƙwai, kuma kada a sa wa wurin wuta don share shi, wuta tana kashe duk abin da ya ɓuya a gindin.

In ka samo ciyawar kana shakkar ko ita ce, kada ka dasa tukuna. Tumɓuko guda ɗaya cikakkiya, da saiwa da kara da kai, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ka kai wa malamin gona ko ma'aikatan gandun daji a Matankari ko Dogon Dutsi su duba maka, ka kuma nuna wa tsofaffin mata masu haɗa turare.